Hutun iyali a kan teku: gulet na Turkiyya ko katamaran na Seshel?

Iyalin da ya daɗe yana tara kuɗi don ya ɗauki hayar jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya yi mako guda yana kwana a cikinsa yana zagaya tsibirai, abu biyu ne za su yanke masa hukunci tun bai kalli hoton jirgi ko ɗaya ba. Na farko, watan da lakwal ke sakin yara. Na biyu, ƙasar da mai fasfon Nijar zai iya shiga ba tare da ya ɗanɗana kuɗarsa wajen neman biza ba. Idan aka tace wuraren da kamfanonin haya ke tallatawa da waɗannan biyun, wuri biyu ne suka fi dacewa da mutumin Yamai ko Tawa: lungunan tekun Göcek da Fethiye a kudu maso yammacin Turkiyya, da tsibiran Seshel a tekun Indiya.

Girka ce aka fi ji a bakin mutane, don haka bari in sallame ta da wuri. Tana buƙatar bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, wadda kuɗinta ya kai Yuro 90 ga babban mutum tun watan Yunin 2024, wajen jika 59 ke nan, ban da asiransin lafiya mai ɗaukar nauyin magani na aƙalla Yuro 30,000 da ake tilasta wa kowa ya saya. Tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai, inda aka saba neman bizar Shengen, a farkon 2024, neman wannan biza ga iyali guda ya zama aiki mai zaman kansa. Wanda yake da ita a hannu, to ya nufi tsibiran yamma, su Lefkada da Ithaca da Meganisi, inda ruwa ke kwance. Kada hoton fararen gidajen Santorini da Mykonos ya ruɗe shi, domin a Yuli da Agusta wata iskar arewa da suke kira meltemi tana kaɗawa a can kwana da kwanaki, har gwanayen matuƙa sukan ɗaure jirgi su jira. Ba wurin kai tsohuwa da ƙananan yara ba ne.

Seshel ba ta neman biza daga kowa. Ana cike takardar izinin shiga ta intanet kafin a tashi, a nuna tikitin komowa da shaidar masauki, kuma yarjejeniyar hayar jirgin ita ce shaidar. Sai karnen rigakafin shawara, wanda ba a ɗaga wa mai fitowa daga Nijar ƙafa a kansa. Turkiyya tana neman biza, amma tana da ofishin jakadanci a nan Yamai tun 2012, ba sai an ƙetare wata ƙasa ba. Hanya kuma duka biyun a buɗe take: Turkish Airlines zuwa Istambul, daga can ƙaramin tashi na sa'a ɗaya da ƴan mintoci zuwa Dalaman, sannan mota ta kai ku Göcek cikin rabin sa'a. Ethiopian Airlines kuwa zuwa Adis Ababa, daga can wajen sa'a huɗu zuwa tsibirin Mahé.

To sai maganar wata, kuma a nan ne yawancin masu tsara irin wannan tafiya ke yin tuntuɓe. Babban hutun lakwal a wurinmu daga Yuli ne zuwa ƙarshen Satumba. Wannan lokacin ya faɗo daidai tsakiyar iskar kudu maso gabas ta Seshel, wadda ke busawa daga Mayu zuwa Oktoba. Sama garau, ruwan sama kaɗan, amma teku a tashe yake. Tsakanin Mahé da Praslin kilomita 44 ne na buɗaɗɗen ruwa, jirgin haya kuwa ba ya wuce kilomita 11 ko 12 a sa'a, wato sa'a huɗu zuwa biyar ana hawa taguwa ana sauka. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Isa faɗi ba, in aka fara masa da wannan, abin da zai riƙa tunawa da hutun shi ne bokitin amai. Seshel tana yin laushi ne a Afrilu da farkon Mayu, da kuma Oktoba da Nuwamba, lokacin da iska ɗaya ta kwanta ɗayar ba ta taso ba. A kalandarmu ƙaramin hutun ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu ne kaɗai ya yi kusa da haka. Hutun ƙarshen Disamba kuwa ya haɗu da daminarsu.

Turkiyya akasin haka take. Lokacinta daga Mayu ne zuwa Oktoba, babban hutunmu yana tsakiyarsa. Lungun Göcek duwatsu da tsibirai 12 sun kare shi daga buɗaɗɗen teku, daga wannan masauki zuwa wancan sau da yawa tafiyar sa'a ɗaya ce ko biyu. Akwai zafi a Yuli da Agusta, yakan haura digiri 35, ga gumi, amma wanda ya sha Afrilu a Tawa wannan ba zai tayar masa da hankali ba. Mai iya jinkirtawa zuwa farkon Satumba ya fi kowa dacewa: ruwa na nan da ɗuminsa, ƴan hutun Turai sun fara komawa gida, farashi ya ɗan sauko.

Jiragen kansu ba iri ɗaya ba ne, kuma ina so a fahimci wannan da kyau, domin a cikinsu za a ci a sha a kwana. Gulet jirgin katako ne da ake sassaƙawa a garuruwan gaɓar, su Bodrum da Bozburun da Marmaris, tsawonsa daga mita 20 zuwa sama da 30, mai faɗin baya. Ba a ba da shi haya sai da ma'aikatansa: kaftin, mai dafa abinci, da yaron jirgi ɗaya ko biyu. Dole in faɗi gaskiya a kansa, yana da dogayen sanduna da zanen iska, amma yawancin tafiyarsa da inji ce. Wasu kaftin sai an roƙe su kafin su buɗe zanen na ɗan lokaci, wasu jiragen ma nasu na ado ne. Wanda burinsa ya ji an kashe inji iska ta ɗauki jirgi ba ƙara sai sautin ruwa, ya sa a rubuta masa a yarjejeniya cewa jirgin yana tafiya da zane, ko kuma ya haƙura da gulet. Abin da gulet ke bayarwa shi ne sarari. Bayansa rumfa ce babba da teburi mai ɗaukar mutum goma sha biyu da shimfiɗu, kamar tsakar gida, kaka na kishingiɗe a inuwa, jikoki na kai da komo, ba wanda ya takura wani. Ɗakuna huɗu zuwa takwas, kowanne da bayan gidansa.

Katamaran jirgi ne mai gindi biyu da aka haɗa da falo a tsakiya. Waɗanda aka fi bayarwa haya a Seshel mita 12 zuwa 14 ne, ɗaki huɗu. A lura, in kun ɗauki matuƙi, sau da yawa ɗaya daga cikin ɗakunan nasa ne, in da mai dafa abinci shi ma sai an nema masa makwanci. Saboda haka jirgin da aka rubuta wa mutum takwas, a zahiri na mutum shida ne. Ɗakunan matsattsu ne, ana sauka cikinsu ta ƴan matakala masu tsayi, abin da mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa tun ranar farko. Amma shi jirgin iska ne na gaske. Ba ya karkata, gindinsa bai fi mita ɗaya da ɗan wani abu cikin ruwa ba, don haka yana matsawa kusa da rairayi inda babban jirgi ba ya isa. Tsakanin hancinsa biyu akwai raga da yara ke kwanciya a kai suna kallon ruwa na wucewa ƙarƙashinsu, kuma da wuya a raba su da wurin.

Akwai na uku, mai gindi ɗaya, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba. Idan iska ta cika zanensa karkata yake yi, kofi ya zame, mutum ya kama duk abin da hannunsa ya kai. Masu son tuƙi shi suke ƙauna, kuma suna da hujja. Ga iyalin da bai taɓa kwana a ruwa ba, ni dai ban ba da shawararsa ba. Haka nan batun ɗaukar jirgi ba matuƙi: kamfanoni na neman takardar shaidar ƙwarewa da tarihin tuƙi, mu kuwa ƙasarmu ba ta da teku. A sa kuɗin matuƙi cikin lissafi tun farko, yawanci tsakanin Yuro 150 da 250 a rana, kuma cinsa a kanku yake.

Abinci shi ne wurin da zuciyata ta fi karkata zuwa Turkiyya. A gulet mai dafa abinci yana cikin ma'aikata, naman kasuwarsu halal ne, ba a tsaya dogon bayani. Da safe burodi, cuku, zaitun, tumatir, ƙwai, zuma da shayi a ƙananan kofunan gilashi. Da rana shinkafa ko alkama da kayan lambu, da dare kifi ko kaza ko nama gasasshe. In jirgin naku ne ku kaɗai, kuna iya cewa kada a shigo da giya, a bi. Abin da zai yi wa bakinmu ƙaranci shi ne yaji, sai a tafi da shi daga gida. Na ga wata dattijuwa, tun kwana na biyu, ta tura jikarta kicin da gwangwanin yajin. Yarinyar ta komo ta ce, “Inna, ya ce zai zuba a miyar kowa in kin yarda.” Ta ce, “A'a, ƴar nan, ce masa ya ajiye mini a gefe, kada ya ƙarar mini tun ba a yi rabin tafiya ba.”

A Seshel Musulmi ƴan kaɗan ne. Akwai masallaci a Biktoriya, babban birnin, ana kuma samun naman halal a Mahé in an nema, amma sayayyar mako guda ku za ku yi ta kafin a kwance igiya, da tsada, don kusan komai daga waje ake shigo da shi. Naman alade da tsiran alade suna cikin girkinsu na yau da kullum, dole a yi wa mai dafa abinci magana ɓaro-ɓaro. Mafita ita ce kifi, kuma kifin Seshel ba shi da na biyu. Matuƙi kan ja ƙugiya a bayan jirgi yayin tafiya, kafin azahar an kama abin da za a ci da shinkafa da miyar kwakwa. Wani sauƙi da Seshel ta fi Turkiyya shi ne harshe. Faransanci na cikin harsunan hukumarsu uku, tare da Turanci da Kiriyol, ɗan lakwal na Yamai zai yi hira da matuƙi har ya koyi ɗaurin igiya. A gulet kuwa Turkanci ne da guntun Turanci, sauran da hannu.

Salla ba ta da wuya a ko'ina, sai dai a shirya mata. Mun saba da gabas, amma a Göcek alƙibla kudu maso gabas take, a Seshel kuwa arewa maso yamma. Jirgin da ya jefa ƙugiyar da ke tsayar da shi ƙasan ruwa kawai yakan riƙa juyawa da iska, ka kabbarta kana fuskantar alƙibla ka sallame kana kallon wani wuri. A Turkiyya al'adar tsayawa ta rage wannan matsala: bayan an jefa ƙugiya ta gaba, yaron jirgi ya yi iyo ko ya shiga ƙaramin kwalekwale da igiya ya ɗaure bayan jirgin a gaɓa, sai ya tsaya cak har safe. A Seshel juyawa yake, amma kamfas ɗin jirgi na gaban kujerar matuƙi, dubawa ɗaya ta isa. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar, kuma wannan rahama ce a katamaran inda tankin ruwan daɗi bai fi lita ɗari shida ko makamancin haka ba ga mutum takwas. A tambaya ko jirgin na da injin tace ruwan gishiri. A kuma tafi da buta, a koya wa yara cewa ba a jefa takarda ko wani abu a masan jirgi, bututunsa siriri ne, in ya toshe mai haya ke biya.

Ga matanmu, babbar ribar jirgin haya ita ce sutura. A bakin tekun otel uwa ba za ta saki jiki ta shiga ruwa ba. A jirgin da iyali ya kama shi kaɗai, aka tsaya a lungun da ba kowa, aka ce ma'aikata su koma gaba, sai ta sauka ta matakalar baya da ƴaƴanta mata. Shi ya sa nake hana ɗaukar ɗaki ɗaya ko biyu a gulet ɗin haɗaka, duk da arhar da ke jan ido. Za ku zauna mako guda da baƙin da ba ku zaɓa ba, da kiɗansu da kwalabensu da shigarsu, kuma da yawa daga irin waɗannan jiragen ba sa ma karɓar ƙananan yara. Gara gida biyu, wa da ƙani ko aminai, su haɗa kuɗi su kama jirgi guda. Sai dai a san cewa a Agusta lungunan Göcek cike suke, jirgi kusa da jirgi. A gaya wa kaftin tun ranar farko cewa kaɗaici kuke so fiye da shahararrun wurare, ya san inda zai kai ku in ya tashi da sassafe.

Idan aka zo abin da ido zai gani, a nan Seshel ta yi wa Turkiyya fintinkau, ban da wata jayayya. Tsibirai 115 ne, amma jirgin haya yana zagaya ƴan na tsakiya ne kawai. A Curieuse ana sauka da ƙaramin kwalekwale, ga manyan kunkuru suna yawo a sake ƙarƙashin itatuwa, wani ya fi babban mutum nauyi. Yaro ya miƙa ganye, kunkurun ya zaro dogon wuyansa a hankali ya karɓa, in aka sosa masa wuyan sai ya miƙe a kan ƙafafunsa huɗu ya tsaya shiru. Daga nan akwai hanyar katako da ta ratsa fadamar itatuwan ruwan gishiri zuwa tsohon gidan likita, na zamanin da tsibirin yake zangon kutare. A Praslin akwai dajin Vallée de Mai, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1983, inda giginyar koko-da-mer ke fitar da ƙwallon da ya fi na kowane tsiro girma a duniya. La Digue kuwa keke ake hawa zuwa Anse Source d'Argent mai manyan duwatsu a bakin ruwa. Ƙarƙashin ruwan kifaye ne kala-kala da kunkurun teku. Kusan kowanne daga cikin waɗannan wurare da kuɗin shigarsa, a kan kowane kai. Ba zazzaɓin cizon sauro a tsibiran, kuma ba sa kan hanyar manyan guguwar tekun Indiya.

Turkiyya nata daban ne: duwatsu masu itatuwa har bakin ruwa, da kufai. A tsibirin Tersane akwai ragowar gidaje da wurin gyaran jirage na dā, a Gemiler kangayen majami'u ne na zamanin Rumawa, a saman garin Fethiye kaburbura sassaƙaƙƙu a jikin dutse. Kifin kallo kaɗan ne. Abin da yara suka fi riƙewa shi ne ƙananan kwalekwalen ƴan talla da ke zagayowa da hantsi, mace na zaune a ciki gaban kasko tana murza ƙullu tana toya waina mai cuku da suke kira gözleme, ta miƙo ta da zafinta ta gefen jirgi.

Kuɗi ba zan yanka muku adadi ba, don yana sauyawa da wata da girman jirgi da shekarunsa, amma yadda ake lissafin ya bambanta, kuma a nan ake cin mutane. Farashin gulet yawanci ya haɗa jirgi da ma'aikata da gazuwal na tafiyar wajen sa'a huɗu a rana. Abinci daban, ana biya a kan kowane mutum. Tukuicin ma'aikata a ƙarshe al'ada ce, kashi 5 zuwa 10 na kuɗin haya. A tambaya sa'a nawa ake kunna na'urar sanyaya ɗaki, don a jirage da yawa ba ta kwana a kunne. Katamaran kuwa farashin da kuka gani a allo na jirgi ne tsurarsa. Sai a ɗora matuƙi, mai dafa abinci, sayayya, gazuwal, sharar ƙarshe, kuɗin wuraren tsayawa, da kuɗin jingina na dubban Yuro da ake toshewa a katin banki har a mayar da jirgi lafiya. Wannan na ƙarshen shi ke ba mutanenmu mamaki a bakin tasha, katin ya ƙi, saboda iyakar da banki ya sa masa. A je banki tun a Yamai a ɗaga iyakar. In aka raba jimilla a kan kai, iyali mai mutum goma zuwa sha biyu a gulet matsakaici sau da yawa ya fi sauƙi a kan mutum shida a katamaran na Seshel. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, don haka a nemi a rubuta komai da Yuro. Ana biyan kusan rabi lokacin kama jirgi, sauran wajen wata guda kafin tafiya, kuma kada a biya ko dala sai biza ta fito ko an ga sharaɗin mayar da kuɗi a rubuce. A tura wa asusun kamfani, ba na wani mutum da aka sani a WhatsApp kawai ba.

Zaɓina ke nan: iyali babba, da dattawa, da yaran da ba su iya ruwa ba, a babban hutu, su kama gulet su kaɗai a Göcek, su ce wa kaftin kada ya fita lungun. Iyali ƙarami, mutum huɗu zuwa shida, yara sun tasa sun iya iyo, masu iya tafiya a Afrilu ko Nuwamba, su je Seshel, kuma su nemi karɓar jirgin a Baie Sainte Anne ta Praslin maimakon Mahé, sai su tsallake doguwar ƙetarawar nan gaba ɗaya, don La Digue da Curieuse duk suna kusa da juna.

Kowanne aka zaɓa, batun yara da ruwa ba abin wasa ba ne. Yawancin ƴaƴanmu ba su iya iyo ba, manyan ma haka. A sa su koyo a wurin wanka na otel wata biyu ko uku kafin tafiya. A aika wa kamfani shekaru da nauyin kowane yaro don a tanadi rigar ceto daidai jikinsa, ta babba ba ta riƙe yaro. A katamaran a nemi a ɗaura raga a kewayen jirgi. In yara na cikin ruwa, babba ɗaya ya ajiye waya ya zuba musu ido, a kuma ambaci sunansa, kada kowa ya ɗauka wani na kallo. Maganin jiri a saya a farmasi tun a gida bisa shawarar likita, a sha kafin jirgi ya tashi, citta ma tana taimakawa.

Haya yawanci daga Asabar ce zuwa Asabar, ranar da kuka makara ba a mayar muku da ita. Mai tasowa daga Tawa yana da wajen kilomita 550 ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso kafin ma ya ga filin jirgi, ga damina, don haka ya kwana biyu a Yamai. A tsara isa bakin teku tun Alhamis da dare ko Juma'a da safe, a kwana otel, a yi sayayya, maigida ya je ya ga jirgin da idonsa ya buɗe famfo ya gwada masai ya ƙirga rigunan ceto kafin a shigo da kaya. Kayan kuma a zuba su a jakunkuna masu laushi, akwati mai tauri ba shi da wurin ajiya a ɗakin jirgi.